Kafin Ka Miƙa Kuɗin Memori, Karanta Wannan

'Yan uwa ɗalibai, na GSU da na Kashere da na FCE da duk inda wannan rubutu ya iske ku. Yau maganar memori na zo da ita, wannan ɗan katin da bai wuce farcen ɗan yatsa girma ba. Rubutun yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi ya karanta da dare. Amma 'yan ajin ƙarshe da ke kan rubuta kundi, ku kam don Allah ku daure ku kai ƙarshe, saboda ku na zauna na rubuta shi.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancinmu ba mu da laftof. Wayar da ke aljihunmu ita ce laburarenmu. Handawut a guruf ɗin WhatsApp ake turo shi, tsofaffin tambayoyin jarrabawa hoto ake ɗauka, lakcar da malami ya yi da sauri naɗar ta ake yi a saurara daga baya, kuma na san mutane da yawa da suka rubuta babi biyar na kundinsu da babban yatsa a kan WPS. Ni a Barunde nake zaune, a gidan Baffana, kullum sai na biya kuɗin keke napep zuwa Tudun Wada in dawo. Abin da zan karanta da dare sai na sauke shi tun da rana a makaranta inda na samu caji, domin in na koma gida babu tabbas ɗin wuta, kuma data ba ta isa a ce kullum sai an sake buɗe abu ɗaya a intanet ba. Duk wanda karatunsa ya dogara da saukewa ya ajiye, wurin ajiya ya zame masa kamar rumbu a wajen manomi.

Wayata giga 32 aka rubuta a kwalinta. Kafin ka sa komai, manhajar wayar kanta ta cinye kaso mai tsoka, sai ga guruf-guruf, na aji da na sashe da na unguwa da na dangi, kowa yana turo bidiyon da ba ka tambaye shi ba. Ina aji uku wayar ta fara yi mini gargaɗi kullum cewa wuri ya cika. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin aji yana zaɓar abin da zai goge tsakanin hotunan bikin Addarsa da handawut ɗin da za a yi gwaji a kansa gobe, ya san abin da nake nufi. Daga nan na yanke shawarar sayen memori, kuma da yake kuɗin da zan kashe na abincin kwanaki ne, na ce sai na san abin da zan saya tukuna. Abin da na tattara a wannan neman ne zan baje muku.

Na fara da tambayar Baffa, saboda ya yi shekaru yana sana'ar ɗaukar hoto, tun zamanin da ake kai fim wanki har aka shigo zamanin kyamarar dijital. Bai ce mini komai ba, sai ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon gwangwanin madara ya juye a kan tabarma. Katuna ne iri-iri, wasu ban taɓa ganin irinsu ba. Akwai wani mai faɗi kamar kwalin ashana da aka danne, CompactFlash, wanda kamfanin SanDisk ya fito da shi a 1994. Akwai dogo siriri kamar cingam, Memory Stick na kamfanin Sony, na 1998. Akwai MMC, irin wanda ake sa wa Nokia 6600 lokacin da take tashe. Akwai M2 na wayoyin Sony Ericsson. Akwai kuma xD, wanda Olympus da Fujifilm suka yi wa kyamarorinsu a 2002. Baffa ya ɗaga xD ɗin ya ce, "Ɗana, ka ga wannan? Hotunan saukar Hammanka duk suna ciki. Kyamarar ta mutu, wanda zai buɗe mini shi kuwa na yi cigiya har na gaji."

Abin da ya faru shi ne, a wancan lokaci kowane babban kamfani so yake ya yi katinsa na kansa, wanda ba ya shiga na'urar kowa sai tasa, don in ka saya ka ɗaure kanka a wajensa. Wanda ya yi nasara a ƙarshe shi ne katin da kamfanoni suka haɗu a kansa. A 1999 Panasonic da SanDisk da Toshiba suka fito da katin SD, a 2000 suka kafa ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojinsa, sauran kamfanoni suka yi ta shigowa. A 2005 aka karɓi ɗan ƙaraminsa, microSD, mai tsawon milimita 15 da faɗin 11, shi ne wanda muke kira memori a yau. Har Sony ma daga baya ta haƙura ta fara sa ramin SD a kyamarorinta. Abin da na ɗauka daga gwangwanin Baffa shi ne, waya takan mutu ko a sace ta ko a sayar, kai kuma so kake abin da ke cikin katin ya rayu bayanta, don haka ka zaɓi irin katin da zai shiga wayar da za ka saya nan gaba da kwamfutar shagon buga takardu. Kada ku ce wannan tsohon zance ne. A 2018 Huawei ta fito da nata katin mai suna NM, girmansa daidai da ƙaramin sim, kuma wasu wayoyinta shi kaɗai suke karɓa. Mai shirin sayen Huawei ta hannu ya duba wannan kafin ya biya.

To, tambaya ta farko ke nan: wayarka tana karɓar memori kuwa? iPhone dai tun da aka fara yin ta a 2007 ba ta taɓa samun ramin memori ba. Samsung ma ta cire shi daga manyan wayoyinta na jerin S tun daga S21 a 2021. Mu masu Tecno da Infinix da Itel mun tsira a nan, yawancinsu suna da shi. Sai dai ka zaro tiren sim ɗin ka duba da kyau. Wasu suna da gurbi uku, sim biyu da memori. Wasu kuwa gurbi biyu ne kawai, na biyun ko dai ka sa sim ko ka sa memori. Ga wanda ke riƙe da layi biyu saboda wanda yake ja a makaranta ba shi yake ja a garinsu ba, wannan ba ƙaramar matsala ba ce, gara ka san da ita kafin ka kashe kuɗi. Wanda wayarsa ba ta da rami gaba ɗaya, akwai filash mai kai biyu da ake sokawa a wurin caji, yana yin aikin ajiya, illa dai saurin ɓata gare shi tunda ba a jikin waya yake kwana ba.

Na biyu, duba rubutun da ke jikin katin, za ka ga HC ko XC. Katin da aka rubuta wa SDHC yana kaiwa har giga 32, tsarin ya fito a 2006. Wanda ya wuce giga 32 kuwa SDXC ne, na 2009. Girman jikinsu ɗaya, rami ɗaya suke shiga, amma tsarin jera fayil a cikinsu ya bambanta, na farko FAT32, na biyu exFAT. Na'urar da aka yi ta don HC kaɗai ba lallai ta gane XC ba. Shi ya sa za ka saya wa Goggo memori mai giga 64 ka cika mata da tafsiri, ta sa a ɗan rediyonta ya yi shiru, ka ɗauka katin ne ya lalace alhali rediyon ne bai san yarensa ba. Ga irin waɗannan rediyoyi da ƙananan wayoyi masu madannai, giga 8 ko 16 ya fi kwanciyar hankali. Sannan FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4, ko da akwai sauran wuri fal, masu ɗaukar dogon bidiyo ku lura da wannan. Kowace waya kuma tana da iyakar da kamfaninta ya ce tana ɗauka, rubuta sunan wayarka a Google ka duba, aikin minti biyu ne.

Na uku, waɗannan ƙananan alamomi da ba mai kula su. Lamba 10 a cikin zagaye mai kama da harafin C tana nufin katin ba zai gaza rubuta mega 10 a daƙiƙa ba. Lamba 1 a cikin harafin U ita ma mega 10 ce, lamba 3 a cikin U mega 30, haka V30 ma. Wannan saurin masu bidiyo ya fi shafa. Akwai kuma A1 da A2, su suna auna yadda katin ke jure ƙananan karantawa da rubutawa barkatai, irin wanda manhajoji ke yi. Babbar lambar da ake bugawa a gaban kwali, mega 100 ko 120 a daƙiƙa, saurin karantawa ne a mafi kyawun yanayi, kada ta ruɗe ka. Ɗalibin da PDF da sauti da hotuna zai ajiye, kati mai 10 ko U1, in da hali da A1 a jiki, ya ishe shi. Biyan kuɗin U3 ko A2 don a sa a wayar da ita kanta ba ta da wannan gudun kamar ɗaura wa jaki sirdin doki ne.

Sai maganar girma, inda ido ke rufewa. Kowa so yake ya ce nawa 128 ne ko 256. Amma zauna ka yi lissafi. Handawut na PDF yawanci 'yan mega ne. Sautin lakca da aka naɗa a matsakaicin inganci yana cin kusan mega ɗaya a minti, wato awa guda kusan mega 60, giga ɗaya ya ɗauki lakca ta awa 16 ko 17. Ko ka naɗi duk lakcocin zango guda, da wuya ka ci giga 20. Abin da ke cinye wuri bidiyo ne, minti ɗaya na bidiyo mai tsabta yana iya haura mega 100. In mun cire kunya, yawancin abin da ke cika memorinmu fina-finan Indiya na fassara ne da masu dogon zango da muke kai wa masu tura fina-finai su loda mana. Ban ce kada a kalla ba, ni ma ina kallo. Amma fim in ya goge gobe ka sake turowa da 'yan nairori, kundinka kuwa in ya goge babu shagon da ke da shi. Giga 32 na gaskiya ya fi giga 256 na jabu, kuma nan ne asalin abin da ya sa na yi wannan rubutu.

Akwai wata 'yar uwa da ke gaba da mu da shekara ɗaya, unguwarmu ɗaya, sau da yawa keke ɗaya muke hawa. Kundinta a kan tarihin saƙa da rini ne, kuma aikin hira ne da dattawa. Ta sayi memori a hannun wani mai yawo da kayan waya, an rubuta giga 128, a kuɗin da ko na 32 na kirki ba zai saya ba. Ta sa a waya, wayar ma ta nuna girman da aka rubuta. Ta kwashe hotunanta da bidiyoyinta ta zuba a ciki don wayar ta samu sarari, sannan ta yi makonni tana zuwa ƙauyuka wajen Kumo da Pindiga, da kuɗin motar da mahaifiyarta ta haɗa mata daga adashe, tana naɗar muryoyi. Ranar da ta zauna za ta fara rubuta abin da suka faɗa, sunayen fayilolin duk suna nan a jere, da kwanan wata da girmansu, amma in ta taɓa sai wayar ta ce ba za ta iya buɗewa ba. Aka kai wa masu gyara biyu, aka sa a kwamfuta, babu. Wasu dattawan ta koma ta sake zama da su, da kunya da ƙarin kuɗin mota. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya fi kowa sanin aikin, Allah Ya yi masa rasuwa kafin ta koma, Allah Ya jiƙansa. Bayanin da ya yi mata na kusan awa biyu ya tafi ke nan, sai abin da ta iya tunawa da 'yan layukan da ta rubuta a littafi. Mai tallan kuwa ko sunansa ba ta sani ba.

Ga yadda abin yake. A cikin kowane memori akwai ma'ajiyar kanta, akwai kuma wani ɗan ƙaramin sashe mai kula da ita, shi ne ke gaya wa waya girman katin. 'Yan damfara sukan ɗauki kati mai giga 4 ko 8, su sauya bayanin wannan sashen ya riƙa cewa shi 128 ne, su buga sunan sanannen kamfani a jiki, su sa a kwali mai sheƙi. Waya ba ta da hanyar musu, abin da aka gaya mata take nuna maka. Muddin abin da ka zuba bai wuce giga 8 ɗin gaskiya ba, komai lafiya lau, shi ya sa mutum zai yi wata biyu yana yabon katin. Da zarar ka haura, sabon abin da ka zuba ko dai ya bi iska, ko ya hau kan tsohon ya shafe shi, amma jerin sunayen yana nan yana yaudararka. Dalilin da ya sa masu gyara suka kasa ceto mata komai ke nan, abin da ba a taɓa rubuta shi a ko'ina ba babu manhajar da za ta dawo da shi.

A nan sai a yi wa 'yan kasuwa adalci, domin na sha ganin ɗalibi ya koma shago yana faɗa wai an cuce shi, ya sayi 64 an nuna masa 59. Wannan kam ba cuta ba ce. Masu yin katin suna ƙirga giga ɗaya a matsayin bayit biliyan ɗaya cif, kwamfuta kuwa da 1,024 take ninkawa a kowane mataki. Saboda haka 32 yakan fito 29 da ɗoriya, 64 kusan 59, 128 kusan 119. Ganin wannan ragin bai nuna jabu ba, kamar yadda ganin babbar lamba bai nuna na gaskiya ba. Kuma da yawa daga masu shaguna su ma sari suka yi a kwali, ba su san abin da ke ciki ba.

Hausawa suka ce ba a cinikin biri a sama. Hanya ɗaya ce ta tabbatarwa, a cika katin har bakinsa, sannan a karanta abin da aka zuba a ga ko yana nan. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke yin wannan a kwamfuta mai Windows, tana cika katin da bayanan gwaji ta sake karanta su, ta faɗa maka giga nawa ne na gaske. Takan ɗauki lokaci, kati mai giga 64 yana iya cin fiye da awa guda, don haka ka nemi abokin da ke da laftof ko ka roƙi mai shagon buga takardu ranar da ba cunkoso. In babu kwamfuta, kafin ka sa wani abu mai muhimmanci, loda manyan bidiyoyi har katin ya cika, kashe wayar ka kunna, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe, ka ja kowanne zuwa ƙarshensa. Kashewa da kunnawar nan kada ka tsallake ta, don kada wayar ta nuna maka abin da ta riƙe a ƙwaƙwalwarta na ɗan lokaci.

Ni ga yadda na yi. Na je shago mai mazauni, wanda in na dawo gobe zan same shi. Na ce wa mai shagon, "Alhaji, 64 nake so, amma da sharaɗi. Zan je in gwada, in bai cika ba zan dawo maka da shi gobe." Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Malam ɗalibi, to ajiye wannan," ya karɓe wanda ya fara miƙo mini, ya buɗe durowa ya ɗauko wani, kuɗinsa ya kusa ninka na farkon. Na sa ya rubuta mini rasit. Kuɗin da na biya zai iya sayen mai 256 na masu yawo har da canji, amma na ɗauki 64 mai U1 da A1, na gwada shi a laftof ɗin wani abokina a daren, ya cika. Yanzu ni ma ina ajin ƙarshe, katin bai cika ba har yau. Araha dai ba ta ado.

Idan ka sa sabon kati, wasu wayoyin za su tambaye ka ko a haɗe shi da ma'ajiyar waya ko a bar shi a matsayin na cirewa. Wannan zaɓi ya shigo ne da Android 6 a 2015. In ka ce a haɗe, wayar za ta kulle katin da wani mabuɗin sirri da ke cikinta ita kaɗai. Za ka samu sararin sa manhajoji, amma ranar da wayar ta faɗa ruwa ko ta ƙi kunnuwa ko aka yi mata fomatin, katin ba zai buɗu a wata waya ko kwamfuta ba. Ga ɗalibi, a ganina, a bar shi na cirewa. Sai ka shiga saitin kyamara da na naɗar sauti ka ce su riƙa ajiya a kati. WhatsApp kam a cikin waya yake tara kayansa, sai ka riƙa kwashewa da hannu lokaci-lokaci, ka kuma hana shi saukar da bidiyo da kansa.

Ko na gaskiyar ma fa yana mutuwa. Irin wannan ma'ajiya tana da iyakar sau nawa za a rubuta a goge, zafi yana gajiyar da ita, mu kuma mun san zafin Gombe a watan Maris da Afrilu. Zare kati ana tsakar rubutu yana lalata abin da ke ciki. Kuma ɓarawon waya ba ya tsayawa ya cire maka memori ya miƙo maka. Don haka duk abin da in ya ɓata za ka yi kuka, kada ya kwana a wuri ɗaya. Duk mai adireshin Gmail yana da giga 15 kyauta a Google Drive. Babi ɗaya na kundi sau da yawa bai kai nauyin hoto ɗaya ba, tura wa kanka ta imel duk ranar da ka yi gyara, datar ba ta kai ta kallon bidiyo ɗaya a TikTok ba. Masu hira da mutane, a daren da kuka dawo ku saurari abin da kuka naɗa, ku ɗora kwafi a Drive ko ku tura wa wani amintacce kafin ku kwanta. Ni kowace Juma'a bayan masallaci nake kwafe nawa, don in na sa masa rana ba na mantawa.

Saura magana biyu. Ta farko ga 'yan uwa mata musamman. In za ki kai waya gyara, zare memorinki ki riƙe a jaka. In za ki sayar da waya ko ki bayar da kati kyauta, ki sani gogewa ko fomatin na gaggawa ba ya share komai, akwai manhajojin da ke tono hotunan da aka goge, kuma mun sha jin yadda hoton da aka ɗauka a ɗaki ya koma abin yi wa mutum barazana. Katin da ya taɓa ɗaukar sirrinki ya zauna a wajenki. In kuwa dole ne ya fita, a yi masa fomatin, a cika shi da wani abu marar amfani, a sake fomatin. Ta biyu, katin karatu daban, katin kai wa masu tura fina-finai daban. Kwamfutar da ake soka mata katuna barkatai daga safe zuwa dare ba a cika rasa bairos a cikinta ba, irin wanda ke ɓoye foldarka ya bar maka alamarta kawai. Ɗan giga 8 ya isa fim.

Na san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin keke kaɗai ya isa ya girgiza aljihun ɗalibi, kuma in aka ajiye maka kati biyu, ɗaya ya fi arha kuma ya fi girma, zuciya ba ta tsayawa shawara. In kuɗinka bai kai na 64 ba, sayi 32 na gaskiya. In bai kai ba, 16 ma yana ɗaukar takardun shekara da hotunansu. Wanda kuma ya riga ya sayi nasa bai gwada ba, tun yau ya kwafe abin da ke ciki zuwa wani wuri tukuna, ya buɗe kwafin ya tabbatar yana aiki, sannan ya gwada katin a wofi. Ina da H2testw a filash, duk wanda ke kusa da Barunde ko muka haɗu a makaranta ya yi mini magana in tura masa, kyauta ne. A taimaka a tura wa 'yan ajin ƙarshe. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa mu kare kundinmu lafiya, Ya saka wa iyayenmu da alheri. Amin.